Motar da Ba Mu Bari Malam Sammani Ya Gama Ba

Jawabin Alhaji Tanko Abbas, sakataren ƙungiyar taimakon juna ta Ƙofar Durbi, a taron addu'ar kwana arba'in da rasuwar Malam Sammani mai esi.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa. Allah gafarta Malam, limaminmu. Shugaban ƙungiyar makanikai da jama'arsa. Malam Babaji, yayan marigayi. Hajiya Kulu, matar marigayi, uwar ɗakinmu, da ke jin mu daga cikin gida tare da sauran mata. Mudassir, ɗan marigayi, kai da ƙannenka. Jama'ar unguwa da baƙinmu na Kambarawa, sannunmu da zuwa, ya ƙarin haƙurinmu?

Na so a ba wani wannan magana, aka ce sai ni. Bana kaɗai wannan ne karo na huɗu da nake tsayawa gabanku ina ba da labarin wanda muka taso tare, kuma wallahi na gaji. Ku yi haƙuri da ni idan muryata ta yi ƙasa.

Ya kasance mai sana'a ɗaya, shekara talatin da ɗoriya: gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya mota, a 'yar rumfarsa da ke bayan Babbar Kasuwa. Ya kasance mai aiki da kunne. Za ka tayar da mota, ya karkatar da kai, ya gaya maka ciwonta tun bai buɗe gabanta ba. Ya kasance, kuma iyalinsa ba za su musa mini ba, mutum mai nawar aiki har ya ba ka haushi. Ka kai masa mota ran Asabar, ka koma Talata, ka iske ya shimfiɗa buhu ya jera ƙusoshi yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Mukan tsokane shi mu ce, Malam, gyara kake ko wankan amarya? Sai ya yi murmushi ya ce, "Kai dai tahi, in ta yi zan kira ka."

Duk kun san motar ƙungiyarmu, tsohuwar Fijon nan doguwa. Ita ke kai majinyatanmu asibiti, ita ke kai mamatanmu makwanci. Ya kasance shi ke kula da esinta tun ranar da aka kawo ta, ba tare da wani ya ɗora masa ba. Ya ce marar lafiya da zafin bazara ba sa haɗuwa.

To, irin waɗannan tsofaffin motoci da wani tsohon gas aka ƙera su, wanda ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Malam Sammani ya yi ta lallaɓa ɗan abin da ya adana, har bana ya ƙare. Ya same ni ya ce lokaci ya yi da za a mai da motar kan sabon gas. Na ce to a ɗura mana. Mu nan Katsina ai haka muka sani: duk abin da ya daina sanyi, gas ne ya ƙare, a ɗura kamar iskar taya.

Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ba haka ba ne. Sabon gas ba ya shiri da tsohon man da ke cikin kwamfuresa, injin da ke tura gas ɗin. Sai an wanke man nan tas, an sauya robobi, an sauya 'yar tukunyar da ke tsotse danshi, an zuƙe iskar ciki, kana a ɗura. In ka ɗura a kan tsohon mai, za ta yi maka sanyi na 'yan kwanaki, ranar da kake buƙatarta ta ci amanarka."

Muka bar masa mota. Kwana uku, kwana biyar, kwana tara. Tukunyar da yake so ba a samu irinta a gari ba, sai da ya aika Kano. Jama'a suka fara yi mini waya, ina mota, ina mota. A ciki aka yi rasuwa, sai aron a-kori-kura muka yi. Raina ya ɓaci. Ranar Juma'a, yana masallacin da yake zuwa da wuri, na je da direbanmu na sa aka mayar da abin da ya kwance, muka ɗauke mota. Muka kai wa wani a bakin titi, wanda ba zan kama sunansa ba domin abin da na ce ya yi shi ya yi. Cikin rabin sa'a ya ɗura sabon gas. Sanyi ya busa, har na ce wa direba, ka gani? Ashe ba wani abu ba ne.

Malam Sammani bai yi mini faɗa ba. Da muka haɗu a sahu, hannu kawai ya ba ni ya ce, "Allah ya sa ta riƙe."

Mako uku bayan nan ciwon zuciyarsa ya tashi, likita ya ce a wuce da shi Kano. Cikin Afrilu ne, rana tsaka. Muka kwantar da shi a bayan motar nan, Mudassir na riƙe da kansa, ni ina gaba. Mun wuce Kankiya kaɗan sai wata ƙara ta taso daga gaban mota, iska mai zafi ta fara fitowa ta inda sanyi ke fita. Mutumin da ke jan numfashi da ƙyar ya karkatar da kai, kamar yadda ya saba, ya saurara. Ya ce, "Ta cinye kwamfuresa. Kashe esin, direba, kada bel ya tsinke mu kwana a hanya." Sannan ya ce, "Alhaji Tanko, in mun dawo ku kawo mini ita. Har yanzu tana gyaruwa."

Muka sauke gilasai. Mudassir yana yi masa fifita da katin asibiti har Kano, gumi na zuba daga gemunsa. Kwana biyu ya yi a can, Allah ya karɓi abinsa.

Na sani kwana ne ya ƙare. Liman ya gaya mini, likita ma ya gaya mini. Amma sa'o'in nan da ya yi cikin zafi, ni na jawo masa su, da gaggawata. Malam Babaji, ka yafe mini. Mudassir, kai ka ga abin da idonka, kuma har yau ba ka ɗaga kai ka dube ni da shi ba, ka yafe mini. Hajiya Kulu, ki yafe mini.

Shekaranjiya Hajiya ta aiko mini da wannan leda da ke hannuna. Tukunyar nan ce da ya aika Kano, da sababbin robobi, da kwalbar sabon mai. Ta ce kayan sun iso washegarin ranar da muka ɗauke mota. Ta tambaye shi ko zai mayar, ya ce a'a, ta ajiye masa a kan sif, za su dawo da motar.

Mun dawo da ita, Hajiya. Shi muka ɗauko a ciki.

Shugaban makanikai, ga ledar, ga makullin mota. Ka nemo mana wanda zai yi aikin yadda Malam ya faɗa. Ko wata guda zai ɗauka, ba wanda zai ji muryata.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da matan da suka wuni a bakin murhu. Ya Allah, ga bawanka Sammani, ya ƙarar da ƙarfinsa yana nema wa bayinka sauƙin zafi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka ba iyalinsa haƙuri. Mu da muka rage, ka yafe mana gaggawarmu, ka kyautata namu ƙarshen.

Allah gafarta Malam, a yi mana Fatiha. Ni zan zauna.