Bunsurun Kakata Ne

A rumfar tsofaffin littattafai a Budapest, wani dattijo ya ga wata mata riƙe da littafin yara.

"Baiwar Allah, sayi wannan! Zamanin mulkin kama-karya a ɓoye muke karanta shi. Bunsurun da ke hana tumaki ruwa, ai Shugaba ne."

"Bunsurun kakata ne. Mahaifina ya rubuta mini shi ina kwance da ƙyanda."

"Haba! Har tafiyarsu iri ɗaya! Ni kaina na nuna wa mutane da yawa."

"Har maganar ta kai kunnen 'yan sanda. A kurkuku mahaifina ya rasu, yana ta rantse musu cewa bunsuru ne kawai."

Dattijon ya cire hularsa. "Jarumi ne dai."

"Wane jarumi, Baba? Ko karen maƙwabta ya gani, tsoro yake ji. So kawai ya yi in yi dariya."