Mai sa min gilashin ido ya rasu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, tare da masu sauraro. Sunana Hauwa, daga Gagarawa.

Na daɗe ina ganin komai dishi-dishi, fitila ɗaya sai ta rabe min gida-gida. Tabarau bai yi min amfani ba. Da muka je Kano, likita ya ce gaban ƙwayar idona ne ya yi tsini. Ya ba ni wani ɗan gilashi mai tauri kamar ƙaramin murfi, ana cika shi da ruwan magani a kifa a kan idon.

Na kasa sawa da kaina. Maigidana ne ya koya. Kullum da safe sai ya wanke hannu ya ce, "Sunkuya, Maman Sadiya, kada ki ƙifta."

Ranar da gilashin ya fara zama daidai, na ɗago na ga fuskarsa sarai. Ya rame ƙwarai. Na ce, "Malam, tun yaushe kake haka?" Ya ce, "Ba komai, zafi ne." Ashe ciwo ya daɗe yana cinsa ban gani ba.

Da damina Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu in na gwada da kaina, ko ruwan ya zube, ko kumfa ta shiga idon ya yi ja. 'Yar autarmu ta fara tafiya, amma inuwarta kawai nake gani.

Don Allah, duk mai amfani da irin wannan gilashi ya kira ya koya min yadda mutum ke sawa shi kaɗai. Kuma ku sa Malam, maigidana, a addu'a.