Jarka a Kujerar Uwargida

A layin shan mai a Dutse, wani dattijo direban motar Jahun ya tsaya yana kallon wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, har ya tanka wa mai ita.

"Malam, wannan 'yar mitsitsiyar ce take gurnani kamar tirela?"

"Inji na sake mata, Baba. A hannun wani Bature ɗan kwangila na saye ta. Na cire nata, na ɗora mata na Beljiyam mai filogi shida."

"Filogi shida a wannan wahalar man? Ai ka ɗauki Dala ba gammo."

"Kafin ka gama lodin fasinja, ni na shiga Kano."

"Me ake rabawa a Kanon?"

"Iyalina na can. Da aka ba mu jiha aka turo ni nan aiki, ita kuwa ta ce ba za ta iya zaman ƙauye ba. Duk Juma'a nake zuwa."

"Mutum nawa motar take ɗauka?"

"Biyu. Ni da ita. Ita ma ta zaɓi launin."

"Ikon Allah! Amma na ga jarka ce zaune a wurinta."

"Injin ne da ci. In ba da jarkar ba, ba na kaiwa."

"To, duk gudun nan nasa, ya taɓa dawowa da ku ku biyu?"

Mai motar ya daɗe yana goge madubi da hannun rigarsa.

"Layi ya motsa, Baba. Kama mini mu tura."