Gwangwanin da Na Ɓoye Cikin Kayan Miya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya san abin da ke cikin kicin ɗin kowa.

Sunana Rifkatu, amma yawancinku da Maman Laraba kuka san ni, mai tuwon nan na kusa da tasha. Aure ne ya kawo ni Dutsin-Ma daga kudancin Kaduna, kuma a nan na haifi 'ya'yana, a nan gashina ya yi fari.

Kafin in hau nan, wata uwa da nake girmamawa ta ja ni gefe ta ce, "Maman Laraba, ki ce ciwo ne Ubangiji ya warkar miki. Ba sai kin ambaci sunan abin ba, akwai yara a ciki." Na gode mata. Amma saboda yaran ne zan ambata. Wiwi ne. Ni da ɗankwalin zumuntar mata a kaina, ni da nake bayar da waƙa kuna amshi, na sha wiwi har ta kama ni. Wanda kunnensa ba zai ɗauka ba, ga ƙofa nan a buɗe, ba zan riƙe shi a zuciya ba.

Da ciwon gwiwa aka fara. Duk wadda ta shekara da shekaru tana tsaye gaban tukunya tana tuƙi ta san abin da nake faɗa. Ƙwayoyin da nake sha suka taso mini da gyambon ciki. In na sha ciki ya yi wuta, in na bari gwiwa ta hana ni tsayuwa. Ina cikin wannan hali ƙanena Ishaku, wanda ke aiki a Kanada, ya kira ni ta waya mai hoto, ya gan ni ina miƙewa ina cije baki.

Ya ce, "Yaya, ku ne kuke baya. Tsaya ki gani." Ya juya wayar ya nuna mini wani shago mai gilashi, fes kamar kemis, tsofaffi da sanduna suna shiga. Ya ce wiwi ake sayarwa a ciki, da lasisin gwamnati. Ya ce a Amurka wasu jihohin sai da takardar likita, wasu kuwa duk baligi zai saya. Ya ce ko a Afirka ta Kudu mutum zai shuka tasa a bayan gida ba mai kama shi. "Duniya ta gane magani ce, Yaya. Ku kaɗai kuka rage kuna kiranta kayan 'yan iska."

Na ce a raina, ni da ko firamare ban gama ba, wace ce ni da zan ja da likitocin Turawa?

'Yata Laraba tana aure a Kurfi. Wata ranar kasuwa da na je ganinta, na ratse wurin wani mai sayar da saiwoyi da sassaƙe, na yi ƙasa da murya na tambaye shi. Ko kallona bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Mama, ta shayi ko ta hayaƙi?" Na ce ta shayi. Wannan kalmar ce ta ruɗe ni tsawon lokaci. A lissafina mashayin wiwi shi ne yaron da ke bakin dam da jan ido yana busa hayaƙi. Ni kuwa mai jinya ce, da madara nake dafa tawa, har addu'a nake yi a kan kofin kafin in kai baki.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, ciwon ya lafa. Na yi barci, na tsaya gaban tukunya ba tare da hawaye ba. Amma cokalin da ya ishe ni jiya, yau ba ya isata. Na fara zuba gishiri sau biyu a miya. Na taɓa zuwa gaisuwar mutuwa dariya ta taso mini, sai da na toshe baki da mayafi. Ran da ta ƙare kuwa, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa: faɗa, zufa, abinci ba ya shiga. Baban Laraba ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni, na bar shi a kan haka.

Ga wayon da na yi. Na daka ta, na tankaɗe da rariya ta yi laushi, na haɗa da ɗan garin kuka don launi da ƙamshi su saje, na zuba a gwangwanin madara, na ajiye tsakanin daddawa da barkono. Duk wanda ya buɗe, kuka zai gani. Baban Laraba ba ya shiga kicin, ni kuma ba na barin kowa ya taɓa mini tukunya. Har yabon kaina nake yi.

Sai wata Lahadi. Laraba ta zo mana kwana da 'yarta Na'omi, yarinya 'yar shekara uku, mai surutu kamar rediyo. Bayan sujada mu matan zumunta muka tsaya taro, taron ya ja. Laraba ta ce bari ta hutar da uwarta, ta koma gida ta ɗora girki. Kukar da ke cikin roba ba ta isa ba, ta duba ta ga wata a gwangwani, ta ƙara. Ta kaɗa, miya ta ƙi yin kauri, ta sake ƙarawa. Ta kaɗa, ta sake ƙarawa. Duk wata mace a nan haka za ta yi.

Na dawo na tarar sun ci. Na'omi tana son miyar kuka, har kwano ta suɗe. Laraba ta ajiye mini nawa tana murna. Loma ɗaya na kai baki na gane. Wannan ɗacin na bayan harshe, na san shi kamar sunana. Na shiga kicin na girgiza gwangwanin, saura kaɗan a gindi.

'Yan'uwa, na yi shiru. Na ce wataƙila barci kawai za su yi su tashi.

Baban Laraba ne ya fara, ya ce ɗakin yana juyawa, zuciyarsa tana bugawa, ya ɗauka hawan jininsa ne. Laraba ta zauna a ƙasa tana kallon hannunta. Na'omi kuwa ta kwanta a tabarma, na ɗaga hannunta na saki, ya faɗi kamar tsumma. Na kira sunanta, ko motsi. Numfashinta ya yi ƙasa, sai na kara kunne nake ji.

Ihun Laraba ne ya shigo da maƙwabciyarmu Hajiya Binta. Ba ta tsaya tambaya ba, ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta sa maigidanta ya fito da mota. A hanya tana ta tofa mata addu'arta, ni ina ta tawa, tana cewa, "Maman Laraba, mi ta ci? Mi kuka ba ta?" Na ce tuwo ne kawai.

A asibiti likita ya ga mutum uku daga kwano ɗaya, ya ce guba ce. Ya tambayi abin da ke cikin miyar. Laraba, harshenta yana harɗewa, ta lissafa: kuka, daddawa, manja, busasshen kifi. Ya ce a yankin nan sun saba ganin maganin ƙwari da ake zuba wa hatsi da kifi, amma alamun yarinyar ba su yi daidai da shi sosai ba. Ya ce maganin wannan gubar yana da ƙarfi, in ba ita ba ce zai iya yi wa ƙaramar yarinya illa, in kuma ita ce, jira ma illa ne. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku tuna da kyau. Ba wani abu kuma?"

A lokacin labari ya riga ya kai coci. Baba Fasto da Mama Fasto suna tsaye a bakin ƙofa, da mata biyu na zumunta. Laraba ta faɗi ƙasa tana dukan ƙirji tana cewa, "Ni na sayo kifin, ni na dafa, ni na kashe 'yata da hannuna." Ina tsaye a kanta, ni uwarta, ina jin ta tana ɗaukar kayan da ba nata ba.

Na fita waje, na durƙusa a gindin wata bishiyar dogon yaro da wannan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Addu'ar farko da na yi, kunyarta nake ji har yau. Na ce, "Yesu, ka tashe ta ba sai na faɗa ba. In ka rufa mini asiri, na daina." Ciniki nake yi da Ubangiji a kan ran jikata. Ban ji komai ba, sai zafin rana a ƙeyata.

Sai na fashe da kuka na ce, "To, karɓi sunan. Karɓi ɗankwalin, karɓi waƙar, karɓi masu sayen tuwon. Ka bar mini yarinyar." Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Tsoron ne kawai ya sauka daga ƙirjina, kamar na sauke tulu daga kai. Na miƙe ba tare da na dafa komai ba.

Na shiga na wuce Baba Fasto, na tsaya gaban likita na ce, "Ba kifi ba ne. Garin wiwi ne a miyar. Nawa ne, ni na ɓoye shi cikin kuka."

Likita bai zage ni ba. Ya ajiye allurar maganin gubar da aka haɗa, ya ce, "Mama, da kin faɗa tun ɗazu." Suka sa mata iskar numfashi da ƙarin ruwa, suka zauna a kanta. Hajiya Binta ce kaɗai ta matso ta riƙe mini hannu, ta ce, "Kin yi daidai yanzu. Zauna kada ki faɗi."

Washegari da hantsi Na'omi ta buɗe ido ta ce ruwa take so. Yesu ya ji ni!

Da Ishaku ya ji labari ya kira. Ya yi kuka, ba zan ɓoye masa wannan ba. Amma can sai ya ce, "Yaya, ai laifin ajiya ne, ba na ganyen ba. Nan a kwalba take zuwa mai murfin da yaro ba zai buɗe ba, da ma'auni a rubuce."

Na ce, "Ishaku, ka aiko mini da kwalbar? Ka aiko mini da ma'aunin, ko da likitan da zai ce ya isa haka? Hoton shago kawai ka aiko, ni na ƙarasa sauran a turmi."

Ban ce likitocinsu maƙaryata ba ne. Ban san abin da suke yi wa masu ciwon daji a can ba, ba zan yi musu shaidar zur ba. Su halatta a Kanada, su halatta a Amurka, gobe ma 'yan majalisarmu su zauna su ɗaga hannu su ce ta halatta a nan. Ni Rifkatu ba ta halatta a gare ni ba. Na ga hannun jikata ya faɗi a tabarma, ba wata dokar da za ta goge mini wannan. Ku samarin da ke bayan can kuna nuna wa juna bidiyo kuna cewa Turawa ma sun yarda, ku zo ku same ni a rumfar tuwona, ina da amsarku, kuma ba zan rage murya ba.

Rabuwa da ita bai zo da sauƙi ba. Na yi zufa, na yi rawar jiki, na yi faɗa da mutanen da ba su yi mini komai ba. Wata safiya sai Baban Laraba ya shigo kicin, wurin da bai taɓa shiga ba, ya ajiye mini kujera doguwa da ya sa kafinta ya yi, don in riƙa tuƙi a zaune. Gwiwar tana nan tana ciwo. Ina zuwa asibiti ana gasa mini. Amma tun ranar nan ban sake kai abin bakina ba, kuma ba ƙarfina ba ne.

Na sauka daga shugabancin waƙa da kaina. Wasu sun daina sayen tuwona, har da na cikin ɗakin nan. Na ji ana ce mini Mama mai kuka ta musamman. Ku faɗa, na ba da sunan tun a gindin bishiya, ba nawa ba ne kuma.

Abin da ya fi ci mini rai Laraba ce. Ta ɗauki 'yarta ta koma Kurfi, ta daina ɗaga wayata. Na je har gidanta, ta gaishe ni a tsaye kamar baƙuwa, da na miƙa wa Na'omi ƙosai ta karɓe daga hannun yarinyar ta ajiye. Ban ga laifinta ba. Ba wiwin ne ya fi yi mata ciwo ba, shirun da na yi tana birgima a ƙasa ne. Na roƙi gafararta, na ci gaba da kai ta gaban Ubangiji.

Makon jiya sai ga su a rumfata ba sanarwa. Laraba ta ce, "Mama, yarinyar nan ta dame ni da tuwon Kaka." Na ɗauko kwano na zuba. Laraba ta karɓi kwanon, ta sa yatsa ta ɗanɗana miyar da kanta tukuna, a gabana, ta ɗan jira. Sa'an nan ta miƙo mini kwanon ta ce, "Ke ki ba ta."

Na gode wa Yesu da ya bar mini yarinyar, ya kuma dawo mini da uwarta. Ke da kike da naki gwangwanin a ɓoye, kai da kake da naka, kada ku jira sai likita ya tambaya. Ku kawo masa yau, ku amince da shi, ba zai juya muku baya ba. Ga Na'omi can a cinyar uwarta tana wasa da ɗankwalinta, ku juya ku gan ta. Amin.