Wadda Ta Juya Baya a Zanen

A ɗakin jira na wani likitan ido a birnin Odense, wata mata ta ga dattijon da ke gefenta ya ƙura wa zanen bango ido.

"Baba, mai zanen nan ba shi ne ke tsokanar ministoci a jarida ba? Amma ya zana 'yan wasan tanti, masu dabo da ban dariya, a bayan labule, ko mai murmushi babu."

"Haka muke, 'yata. Dariyar ta 'yan kallo ce."

"Muke? Kai ma ka yi?"

"Ni ke riƙe wa mai tafiya kan igiya tsani. Ga ta can tana ɗaure takalmi. Ingelise sunanta."

"Haba Baba! Ta juya baya fa. Ya aka yi ka gane ta?"

"Shekara tara ina tsaye a bayanta."

"Matarka ce?"

"Kullum sai in ce in an tashi wasa zan faɗa mata ina son ta. Har ta bi wani ayari zuwa Jamus."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Thorkild?"

Dattijon ya ji sunansa, ya dubi matar. "Fara shiga, 'yata. In suka ɗiga min maganin nan a ido, gani zai dushe, ba zan ƙara ganin ta ba yau."