Ƙyallen Yamusa Ba Ya Tsayuwa da Sanda Ɗaya

Jawabin Malam Philip, shugaban makarantar firamare ta Yangoji, a filin kasuwa, ranar sadakar arba'in ta marigayi Yamusa Mai Majigi, wata Asabar cikin Nuwamban 1975.

Mai girma Wakilin Hakimi, wanda ya taso tun daga Kwali, ranka ya daɗe Sarkin Yangoji da dattawan fadarsa, Malam Liman, Fasto, Ardo Hammawa da jama'ar ruga, Inna Hansatu, matar marigayi, 'yarsa Asibi, ƙanwarsa Magdalene, 'yan'uwa maza da mata, da waɗanda suka tako daga Kuje da waɗanda motar Abuja ta sauke ɗazu: ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Da Sarki ya aiko cewa ni zan yi magana, na ce a nemi wani. Kowa a garin nan ya san shekara goma sha biyu muna sa-in-sa da Yamusa. Sarki ya ce ai dalilin ke nan, wanda ya fi yi wa mutum gardama shi ya fi sauraronsa. Na karɓa. Amma ina neman gafara tun yanzu, domin ba yabo kaɗai na zo yi ba. Akwai maganar da na ajiye a ƙarshe, kuma wasu ba za su so jin ta ba.

Yaran da suka taso suka tarar da majigi suna tsammanin tare da tsamiyar nan aka shuka shi. Bari in gaya musu. Yamusa ya yi shekara goma sha biyar yana tuƙa motar majigi daga Kaduna, ƙauye-ƙauye, ana nuna wa mutane yadda ake tona masai da yadda ake feshin auduga. A 1963 ya dawo gida. Wasu kan dawo daga birni da keke, wasu da rediyo. Shi ya dawo da tsohon inji da ya saya a gwanjo, da injin wuta mai tari kamar tsohon mashayin taba, da fim bakwai a gwangwanaye, biyar a ciki na kaboyi. Inna Hansatu ta haɗa masa farin alawayyo tsawo uku ta ɗinke, aka samo gora biyu aka ɗaura. Fim bakwai ɗin nan muka yi ta kallo kowace Asabar bayan magariba har shekara goma sha biyu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya gaji ba.

Ya kasance mutum ne da ya ba mu jarumi. Akwai wani dogon Bature mai farin doki a fim uku daga cikin biyar ɗin. Yamusa ya faɗi sunansa, harshenmu ya ƙi ɗauka, sai muka ce masa Dogo. Kun tuna abin da Dogo ya yi wa garin nan. Samari suka fara karkata malafa gefe guda, suna tafiya ƙafa a buɗe kamar masu maruru. Telolin Kuje suka ƙare jan yadi wajen ɗinka ƙyallen wuya. A ajina na uku bana akwai yara huɗu da ake kira Dogo, kuma uku daga cikinsu gajeru ne. James manomi, ga shi can zaune, ya raɗa wa jakinsa sunan dokin Dogo, jakin kuwa bai taɓa yin ko sassarfa ba. In wani ya je Kaduna ya kalli kaboyi a akwatin talabijin a gidan danginsa, ya dawo yana ba da labari, sai mu saurara cikin ladabi, mu ce, "To, madalla, amma bai kai Dogo ba."

Ya kasance mai fassara, kuma a nan rigimarmu take. Yakan tsaya gefen inji da lasifikar gwangwani yana gaya mana abin da Turawan ke faɗa, da Hausa, ya juya da Gbagyi, ya ɗan tsoma Fulatanci. Ni kuwa na yi makaranta, ina jin Turancin. Wallahi ba abin da suke faɗa ke nan ba. Garin fim ya zama Kwali, kogin ya zama Gurara, mugun mai baƙar hula ya zama wani mai awon dawa da ya taɓa danne masa mudu. Rannan na tare shi na ce, "Yamusa, wannan ba fassara ba ce, ƙarya ce tsagwaronta." Ya dube ni ya ce, "Malam, Turancin naka ne, mutanen nawa ne. Zo ka karɓi lasifika." Na karɓa. Na fassara kalma bayan kalma, daidai wa daida. Kafin a canja gwangwani na farko rabin fili ya yi barci, wata tsohuwa ta jefe ni da ɓawon rake. Ban sake ba, amma ban daina gardama ba.

Ya kasance mai tausayi, ko da yake ba ya so a faɗa. A fim ɗin da muka fi so, Dogo yana da aboki, wani ɗan tsoho mai gemu da ke dafa masa shayi, kuma kusa da ƙarshe ake harbe shi a bakin rijiya. Adda Mero, yayar Ardo, duk ranar da aka sa fim ɗin sai ta yi ta kiransa tun daga nesa, "Kada ka je rijiya, bawan Allah, kada ka je." Sai ya je. Sai ta rufe fuska ta yi kuka kamar yau ta fara gani. Shekarar da ɗanta ya rasu, ta zo kallo bayan wata uku. Tsohon ya ɗauki guga, ya nufi rijiya, sai inji ya tsaya cak. Yamusa ya ce, "Jama'a, mai ya ƙare. Amma ina da labari daga Kaduna cewa yau tsohon ya ɗebi ruwansa ya koma gida lafiya." Ni na ga tankin, a cike yake. Babu wanda ya yi ƙorafi a filin nan, har samarin da suka zo don harbe-harben ƙarshe.

Ranar jana'izar Yamusa Adda Mero ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, wannan karon babu mai tsayar mana da inji."

Yanzu ga abin da ya fi komai, kuma baƙinmu su saurara, don ba a yin haka a wani gari. Ranar farko da aka ɗaga ƙyallen, mu mutanen gari muka cika gaba. Mutanen ruga sai sun ɗaure maruƙa kafin su taso, suka iso a makare, ba wuri. Bafulatani kuwa ba ya kutsawa cikin taro. Suka zagaya baya, suka tarar hoto yana ratsa alawayyo, ana gani sarai. Nan ya zama wurinsu. Daga nan aka yi al'ada: gorar gabas manoma ke kafa ta, gorar yamma makiyaya. Yamusa ba ya taɓa ko ɗaya.

Sai gardama ta tashi a kasuwa. Mu mun ga Dogo yana zare bindiga da hannun dama. Mutanen ruga suka rantse bahago ne. Shekara biyar ana wannan. An yi rantsuwa, an yi gaba, wata mai nono ta hana wani mutum fura don ya ce Ardo ba ya gani da kyau. Ni na san dalili, na bayyana shi a allo da alli, ba wanda ya saurare ni. Yamusa kuwa in an tambaye shi sai ya ce, "Ni ina kallon inji ne, ban lura ba." Su ma mutanen ruga suna da nasu ƙorafin a kan Dogo. Ardo yakan ce, "Jarumi kam jarumi ne, amma ba makiyayi ba. Wa ke kora shanu daga baya da ihu? Kai ka shiga gaba, su bi ka."

A kakar 1968 shanun gidan Ardo suka faɗa gonar dawar James. Ba ƙaramar ɓarna ba ce. Aka fito da adduna, aka fito da sanduna, Sarki ya yi zama uku ba a daidaita ba. Asabar ta zo, kowa ya zo kallo, don fushi daban, Dogo daban. Aka kafa gora ba mai duban wani. Yamusa ya zauna a kan kujerarsa ya harɗe hannu. Ya ce, "Yau injin nan ba zai tashi ba sai na gaba sun koma baya, na baya sun dawo gaba." Aka yi ta surutu. Ya ciro goro ya ɓare ya ci. Da aka ga da gaske yake, aka tashi aka yi musaya, ana gunaguni.

Dogo ya fito, ya tsaya a tsakiyar titi, ya zare bindiga. Sai muka ji muryar James daga bayan ƙyalle: "Kai, oga Yamusa, wannan mutumin ta canja hannu!" Daga gaba Ardo ya amsa, "Walla, ya canja." Sai dariya ta ɓarke a fili, har aka daina jin lasifika. Da aka tashi, Ardo ya zagayo ya sami James ya ce, "Ashe ba ƙarya kake yi ba." James ya ce, "Kai ma ba ka yi ƙarya." Washegari su biyu suka taka gonar, Ardo ya ga dawar da idonsa, James ya ga yadda noman shekarar ya cinye hanyar da shanu ke bi zuwa rafi. Burtalin da muke da shi yau, ranar aka shata shi. Yamusa bai yi wa'azi ba. Ni da a ce ni ne, da na yi lacca ta awa guda, na ɓata komai.

To, ga maganar da na ajiye.

Kwana arba'in ƙyallen nan yana naɗe. A cikin kwana arba'in ɗin, shanu sun sake shiga gona a bakin rafi. An fasa wa ɗan James kai. An sare saniyar Ardo a ƙafa, sai yanka ta aka yi. Kasuwa biyu ba a kawo nono ba, ba a kuma sayar wa ruga dawa ba. Na ji ana cewa mutanen ruga za su kwance su yi kudu kafin wata ya mutu, bayan shekara talatin muna shan ruwan rafi ɗaya. Ku dubi yadda muka zauna yau. Ga tabarmi nan, ga tabarmi can, tsakani kuwa mota za ta iya wucewa. Mun zo yi wa Yamusa addu'a, mun zauna yadda zai ji kunyar ganinmu. Abin ya ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Ban ce fim zai warkar da kan yaro ba, ban ce zai tayar da saniya ba. Wannan shari'ar Sarki ce, kuma za a yi ta. Amma ba a shari'a da mutanen da suka riga suka ɗaure kaya. Mu mutanen Yangoji mun yanke shawara ba za mu bar abin da mutumin nan ya haɗa ya watse kwana arba'in bayan rufe shi ba. Yau Asabar ce. Rana ta kusa faɗuwa. Yau za a ɗaga ƙyalle.

Inna Hansatu, gare ki nake. Na san kin kulle injin a akwati, kin ce ba za ki iya jin ƙararsa ba shi ba ya nan. Babu mai ganin laifinki. Amma ke kika ɗinka alawayyon nan, ke kike wanke shi duk ƙarshen wata, ba ki ɗinka shi don gara ba. Muna roƙonki makulli. In kukan ya zo, ki yi shi a cikinmu, Magdalene na gefenki, Adda Mero kuma ta daɗe da sanin yadda ake kuka a filin nan.

Asibi, ke za ki tayar da inji. Na ji masu cewa ba aikin mace ba ne. Shekara huɗu da idon babanki ya raunana, wa ke zura fim, wa ke liƙe shi in ya tsinke? Duk mai ja, ya fito ya nuna mana inda ake zuba mai. Lasifika kuwa, tunda ba mai so, ni zan riƙe. Na yi alkawari a gaban Liman da Fasto ba zan fassara ko kalma ɗaya daidai ba.

Saura gora biyu. Ba na iya kafa su, Sarki ba ya iya kafa su, al'ada ta hana. Ga su nan jingine da tsamiya. Ardo Hammawa, ta yamma taka ce. James, ta gabas taka ce. Ba na cewa ku gaisa. Ba na cewa ku yafe yau. Ku kafa gora kawai, kuma in an zo zama, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba. Zan tsaya nan in jira, ni malamin makaranta ne, jira ba baƙona ba ne.

Alhamdu lillahi, ga su sun miƙe. Ardo, Allah Ya ƙara girma. James, a hankali, gorar ba ta gudu. Asibi, karɓi makullin daga hannun Inna.

Muna godiya ga Wakilin Hakimi, da Sarki, da malamanmu, da matan da suka tashi tun safe a kan murhu, da duk wanda ya tako. Kada kowa ya tafi, akwai Dogo.

Allah Ya jiƙan Yamusa, Ya gafarta masa, har da fassararsa. Allah Ya haskaka kabarinsa kamar yadda ya haskaka mana filin nan. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya zaunar da gona da ruga lafiya. Malam Liman ya koya mini cewa ranar hisabi mutumin kirki da hannun dama ake ba shi littafinsa. Allah Ya ba Yamusa nasa da hannun dama. A kan wannan hannun dai, na gaba da na baya, ina jin babu gardama.

Amin.