Hutun Orest

Shugabar wannan biki, Misis Arlene Thiessen. Magajin Garin Kettle Narrows, Mista Gaston Lavallee. Fada Myron, wanda ya sha rantsuwa ba zai taka zauren nan ranar fim ba, ga shi kuwa a layin gaba da kofinsa a hannu. Wendell Reimer, wanda ya shirya fim ɗin da ya tara mu, Allah ya yafe masa. Baƙonmu Curtis, wakilin kamfanin gyaran tsofaffin finafinai, da ya taso tun daga Toronto. 'Yan'uwana matan kicin ɗin coci da ke leƙowa ta taga. Samari da 'yammatan da suka tuƙo daga Winnipeg da hulunan kwano a ka. Da sauran mutanen garinmu, manya da yara: barkanku da yamma, barkanku da sanyi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Stella Boyko. Ni ce matar mutumin nan da kuke tashi ku bari da zarar ya bayyana a allo.

Ina godiya ga Arlene da ta ba ni wannan dama, duk da ta san ban iya taƙaita magana ba. Ina godiya ga waɗanda suka kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar zaure, da waɗanda suka jera kujeru, da waɗanda suka kwana murza ƙullun perogi, abincin nan namu mai kama da samosa. Ina kuma godiya gare ku duka, da kuke barin ɗumin gidajenku kowane hunturu don ku kalli fim ɗin da kowannenku ya san ba shi da kyau.

Kun san abin da ke gabanmu. Kamfanin su Curtis zai wanke fim ɗinmu, Ramin Ƙanƙara, ya gyara hotonsa da sautinsa, ya sake fitar da shi. Sun ce za su bi ra'ayin masu kallo a kan abu ɗaya: a yanke doguwar fitowar nan ta bukkar kamun kifi, ko a bar ta. Yau bayan kallo za a ɗaga hannu. Mutum uku sun yi magana kafina, dukkansu sun ce a yanke. Aka nemi mai cewa a bari, aka duba gabas aka duba yamma, ba a samu kowa ba sai ni.

Magana ta farko: ban zo in ƙaryata kowa ba. Tun da mijina Orest ya rasu na koyi shiga intanet a laburaren gari, kuma babu abin da masu kallo suka rubuta a kan fim ɗin nan da ban karanta ba. Ba su da yawa, don fim ne da ko a Winnipeg sai ka yi dogon bayani kafin a gane wanda kake nufi. Wani mutumin Ohio ya ba shi tauraro ɗaya cikin biyar, ya ce, "Jinin ruwan hoda ne, kuma har tururi yake yi." Gaskiya ya faɗa. Miyar borsh ce, jar miyar nan tamu, ni na dafa ta, Wendell ne ya ce a kawo da zafinta don kada ta daskare kafin a watsa. Wani daga Brazil ya ce makashin yana canza tsawo, ya shiga daji dogo ya fito gajere. Shi ma bai yi ƙarya ba. Duk wanda ba ya bakin aiki a ranar shi ake ɗora wa hular kwano a miƙa masa mahujin ƙanƙara. Len mahauci ya sa ta, surukinsa ya sa ta, akwai ma ranar da Doreen mai tuƙa motar 'yan makaranta ta kashe mutum biyu kafin a tashi yara. Wata baiwar Allah daga Finland kuwa ta ba shi taurari biyar cif, ta ce ba makashin ne ya tsorata ta ba, sanyin ne, don ba ta taɓa ganin fim ɗin da 'yan wasansa ke karkarwa da gaske ba. Abincin wani gubar wani.

Sun saɓa a kan jini, sun saɓa a kan makashi, sun saɓa a kan ko fim ɗin abin tsoro ne ko abin dariya. Wuri ɗaya bakinsu ya zo ɗaya, wato bukka. Wani ya rubuta cewa, "Wani tsoho ne zaune yana magana da rami, ba a jin abin da yake faɗa, ba abin da ke faruwa. Mutum ɗaya tak da na so a kashe a fim ɗin nan, shi ne bai mutu ba." Na daɗe zaune gaban wannan rubutu, har mai kula da laburare ta zo ta tambaye ni ko na'urar ce ta tsaya. Abu biyu zan gyara masa. Orest ba tsoho ba ne a lokacin, rigar sanyi ce ta tsofar da shi. Batun mutuwa kuma, da ya yi haƙuri. An yi ta. A kicin ɗinmu aka yi ta, wata safiya, ba hular kwano, ba kiɗan ban tsoro, yana cikin ɗaure igiyar takalmi.

Magana ta biyu: yadda aka yi fitowar ta yi tsawo haka. Wendell yana nan, in na yi ƙarya ya ɗaga sandarsa. Ya zo gidanmu yana sosa ƙeya, ya ce fim ya yi gajarta.

Ya ce, "Orest, aron fuskarka na zo."

Orest ya ce, "Ba ta da amfani."

Ya ce, "Haka nake so. Ka zauna a bukkarka, ka yi abin da ka saba, Len zai zo ta baya ya huda ka."

Orest ya ce, "Me zan ce?"

Ya ce, "Kai da magana? Yi shirunka."

Suka hau daskararren tafki, inda bukkar take zaune a kan ramin da aka huda a ƙanƙara don zura fatsa. Wendell ya kafa kamara a cikin bukka, ya kunna, yatsunsa suka sandare, ya ce bari ya ɗan leƙa mota ya ji ɗumi. Len kuwa babur ɗinsa na ƙanƙara ya ƙi tashi a bakin gaɓa. Darakta na mota, makashi na fama da inji, kamara na ci. Haka mijina ya tsira, haka kuma Wendell ya samu tsawon da yake nema, bai cire ko ƙyaftawar ido ba. Da babu gara ba daɗi.

Waɗanda suka san Orest sun san abin da Wendell ke nufi da "kai da magana". Mutumin da ya nemi aurena da cewa, "Motata tana da hita." Mutumin da in ya dawo daga kwashe ƙanƙarar hanya na ce yaya aiki, sai ya ce, "Fari." Na zauna da shi shekara talatin da ɗoriya, bai taɓa ɗaga min murya ba, amma kuma bai taɓa sauke min ita yadda zan ƙoshi ba. Na ɗauka haka Allah ya yi shi, kamar yadda ya yi wani bahago, na haƙura, ina yi mana maganar mu biyu.

Magana ta uku ita ce al'adarmu. Ranar da aka fara nuna fim ɗin a wannan zaure, Orest na shiga bukka wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Kofi!" Zaure ya kwashe da dariya, kowa ya miƙe. Tun daga ranar abin ya zama doka. Yau ma za ku yi, baƙinmu na Winnipeg sun iya shi fiye da mu. Muna ce masa hutun Orest. Shi kansa mai hutun shi ke fara shiga layi da farantinsa. Ni kuwa ina bayan tagar kicin, ina zuba perogi da soyayyar albasa, mutane na cewa, "Stella, mijinki ya fi kowa amfani a fim ɗin nan, ba don shi ba da mafitsara ta fashe." Ina dariya tare da su. Duk shekarun nan da aka yi ana nunawa, ban taɓa ganin fitowar mijina ba, don a daidai lokacin ne aikina ke tashi.

Hunturun da ya rasu, matan kicin suka karɓe ludayi daga hannuna, suka ce, "Je ki zauna, bana ke baƙuwa ce." Na zauna can, kujera ta uku daga bango. Ya shiga bukka, aka yi kiran kofi, zaure ya watse. Ni ban tashi ba. Sai ga ni ni kaɗai cikin duhu, tsakanin kujeru da riguna a rataye, ga mijina ya cika allo. Ya gyara murhu. Ya zura fatsa. Ya yi shirunsa da na sani. Can sai ya sunkuya kan ramin, bakinsa ya fara motsi.

Jama'a, magana yake yi. Ba kalma ɗaya ba, ba biyu ba. Yana yi yana ɗaga hannu, yana yi yana girgiza kai, ya dakata kamar an ba shi amsa, ya ci gaba. A wani wuri ya yi dariya har ya dafe gwiwa. A wani wuri ya goge ido da bayan safar hannu, ban sani ba ko hayaƙin murhu ne. Ya manta da kamara, ya manta da Len, yana zuba zance irin wanda na yi shekara talatin ina jira a teburin cin abinci. Kuma ba a jin komai sai iska tana dukan bukka.

Ina da kaset ɗin a gida. Na kalle shi har hoton ya fara rawa a daidai wurin. Na ƙure sauti har maƙwabta suka zo suna tambaya ko taga ce ta fashe. Na ɗauke shi na kai wa wata mai karanta motsin leɓe a Winnipeg, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Ki yi haƙuri, gashin bakinsa ya rufe komai." Gashin bakin da na yi ta roƙo ya aske. Na tambayi Wendell, ya ce yana mota. Ba na jin kunyar faɗa muku cewa ina jin haushin ramin nan, don ya ji abin da ban ji ba, bazara ta zo ya narke da shi. Tun daga shekarar, duk lokacin da kuka fita, ni ina zaune. Wasunku sun lura, suka ɗauka barci nake.

Jiya Curtis ya zo shan kofi a gidana, yaro mai ladabi, ya cire takalmi ba a ce masa ba. Na tambaye shi kai tsaye ko na'urarsu na iya raba iska da murya.

Ya ce, "Misis Boyko, sau da yawa tana iyawa. Ba zan yi miki alkawari ba, amma na ga an ceto wadda ta fi wannan lalacewa."

Na ce, "To ka yi min, ko an yanke."

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Faifan sautin ya tsufa, yana marmashewa. Sau ɗaya zai jure shiga na'ura. Kamfani kuma ba ya gyara abin da za a zubar."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku abin da za ku ɗaga wa hannu tsawon fim ne, ni kuwa muryar mijina ce.

Magana ta ƙarshe ita ce roƙona, kuma ba mai yawa ba ne. Ban ce ku so fitowar ba. Ban ce ku zauna ku kalla ba. Ban ce mutumin Ohio ya ƙara tauraro ba. Ku yi kiran kofinku, ku tashi, ku ci perogi, ku sha sigarinku a bakin ƙofa kamar yadda kuka saba. In ma kun yanke, ban san lokacin da za ku riƙa zagayawa ba. Ku dai bar ta a inda take, ta shiga na'urar nan tare da sauran.

Arlene, da yake ƙawata ce tun muna 'yan makaranta, ta ja ni gefe ɗazu ta ce, "Ke Stella, in kuma aka wanke aka ji ƙararki yake kai wa ramin fa? A gaban duniya?" Na yi tunanin wannan tun kafin ta faɗa. Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa cewa yake matar nan ta cika surutu. Mai yiwuwa kifi yake zagi, ko farashin man fetur, ko wata da ban taɓa jin sunanta ba. Na yarda. Gidana shiru ne yanzu, irin shirun da ba nasa ba, don nasa akwai numfashi a ciki. Ko ƙarata yake kai, ina so in ji ta da bakinsa.

Ba zan tsaya a ɗaga hannu a gabana ba. Na san ku, kuna da kunya, kuma ba na son wani ya ɗaga hannu don ya ga idona. Da an gama fim zan ɗauki rigata in je in zauna a mota. Ku yi abin da kuka ga ya dace. In an ƙidaya, wani ya zo ya ƙwanƙwasa min gilashi.

Allah ya albarkaci wannan taro. Allah ya ƙara wa Wendell lafiya, ya kuma hana shi sake riƙe kamara. Allah ya jiƙan waɗanda muka kashe a fim suka tashi, daga baya suka tafi da gaske. Allah ya tsare masu tafiya a kan hanya da masu zama a kan tafki. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa in ya buɗe ƙofa ya yi magana, ya samu mai amsa masa.

Na gode.